Kolo Mai Murya da Sunan da Ya Gagare Shi

A Rijiyar Madu, ɗan ƙauyenmu da ke tsakanin Makoda da Ɗanbatta, idan aka ce wa mutum "jikan Kolo" ba yabonsa aka yi ba, ana nufin ya rage murya. Ni an faɗa mini haka tun ina yaro har kunnena ya gaji, kuma ban rage ba, don ba ni na ɗora wa kaina ba. Kolo shi ne kakan kakata Asiya, a bakinta kuma na ji abin da zan faɗa. Wanda ya ga ƙari a ciki ya je ya tambaye ta, tana nan kwance a maƙabartar gabas.

Kolo ya yi zamaninsa tun ana ciniki da wuri, lokacin da in ka ce wa mutumin ƙauyenmu "Bature" sai ya tambaye ka ko wani sabon irin wake ne. Kakansa Madu ne ya taso daga Barno da jakunan kanwa, ya ga ƙasa mai karɓar gero, ya haƙa rijiya, ya zauna. Kafin a zo kan Kolo, Barbarcin gidan ya ƙare, sai tsagar fuska da sunaye da taurin kai suka rage.

Shi ba malami ba ne, ba attajiri ba, ba kuma wani ƙato ba. Ɗan guntun manomi ne mai gonar gero da wake, da 'yar auduga a bayan gida, da jaki guda na kai taki. A ƙasarmu gona manne take da gona, gida yana jin tarin gida, don haka mai sirri yakan yi magana a hankali. Kolo kuwa Allah bai ba shi "a hankali" ba. In ya yi wa matarsa Amsa raɗa cewa miya ta yi gishiri, matan maƙwabta sukan rage gishiri a tasu. An taɓa naɗa shi ladan, ba a jima ba ladanan ƙauyuka biyu suka kawo ƙara, wai tun da ya fara kira mutanensu da kiran Rijiyar Madu suke salla, har ana tambayarsu ko sun ajiye aikin ne. Aka sauke shi cikin mutunci, aka bar masa kiran gayya da cigiyar akuya da korar tsuntsaye in gero ya nuna. Aikin ya yi masa daɗi, don babu abin da yake so kamar kiran suna. Yakan hau suri ya kira mutum da sunansa da na ubansa da na kakansa, ko da mutumin yana tsaye a gindin surin.

Suna ɗaya ne tak ya gagare shi a duniya, sunan 'yarsa ta fari, Luba.

'Yan yanzu da ke saɓa ɗan fari a kafaɗa suna zagaya gari da shi ba za su gane wannan ba, kuma ni ban da lokacin yi musu dogon bayani. A da, ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Ba ka faɗar sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ka duba sama kamar kana neman hadari. Kolo da Amsa sun riƙe wannan al'ada fiye da waɗanda suka koya musu ita. Ƙanen Luba, Sama'ilu, wanda ya haifi kakata, ana kiran sunansa daga safe har yamma. Ita kuwa sunanta a bakin ubanta "Ke".

Luba ta taso 'yar ƙiriniya, ga surutu ga wayo. Da ta gane ubanta yana kiran sunan kowa a garin, har da jakin maƙwabci, ban da nata, sai ta mai da abin wasa. In ta kai masa fura gona ya ce, "Ke, ajiye can," sai ta tsaya ƙyam da ƙwarya a ka.

"Ke wa, Baba?"

"Ke dai."

"Ai ke da yawa. Inna ke ce, akuyarmu ma ke ce."

"Ke, zan saɓa miki!"

"To in an tambaye ka, wa za ka ce ka saɓa wa?"

Sai ya juya baya ya kama noma da ƙarfi yana haɗiye dariya, don yi wa 'yar fari dariya ma laifi ne. Yana sonta kamar ransa, kowa ya san haka, shi kaɗai ne yake zaton ya ɓoye. In ya dawo daga kasuwa da alewa ba ya miƙa mata. Sai ya ajiye a kan turmi, ya sanar wa iska cewa ga wani abu nan an yar, garin duka kuma ya ji sanarwar.

Wata shekara bayan kaka ya tafi kasuwar Ɗanbatta da jakinsa, ashe ta biyo shi, bai ankara ba sai da suka yi nisan da ba a komawa. A layin masu gishiri ya waiwaya, babu ita. Hankalinsa ya tashi. Ya hau wani kututture, ya cika ƙirji, ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ke!" Matan kasuwa kaf suka waiwayo. Ya sake, "Ke!" Wata mai nono ta tambaye shi ko a gidansu ba a koyar da sallama. Mutane suka taru suka ce, "Bawan Allah, ya sunanta mu taya ka kira?" Ya ce, "'Yar wajena ce." Suka ce, "Mun ji, ya sunanta?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta fari ce." Sai kowa ya ce ayya, suka gane, suka bazu cikin kasuwa suna taya shi kiran "Ke!" Ana cikin wannan hargitsi ya ji an ja gefen rigarsa. Ga ta nan tsaye tana kallonsa. Ya sauko ya ce, "Ke, mu tafi." Bai taɓa ba kowa labarin ba, ba kuma sai ya bayar ba, don masu dawowa sun riga shi kai shi gida.

Da bazarar da ta biyo baya, baƙon dauro ya shigo gari. Ya kama yara da dama, ya saki wasu, bai saki Luba ba. Ba ta daɗe da yin famfara ba, sababbin haƙoran ma ba su gama fitowa ba. Aka yi mata sutura da hantsi, aka kai ta, aka dawo.

Nan ne al'adar ta nuna rashin imaninta, kuma wannan ni nake faɗa, ba kakata ba. Uban ɗan fari ba ya kuka a ga hawayensa, uwar ma haka. Kolo ya zauna a zaure yana amsa gaisuwa. A ce, "Ya haƙuri?" ya ce, "Da godiya." A ce, "Allah ya sa mai ceto ce," ya ce, "Amin." Fuskarsa a bushe kamar an ce masa kazar maƙwabci ce ta mutu. Amsa kuwa a ciki ta kama kaɗi, ta yi ta murza mazari har zare ya ƙare mata wurin ajiya. Suna gida ɗaya, baƙin ciki ɗaya, amma babu mai yi wa wani zancenta. Abin da ya fi tsorata mutane shi ne garin ya yi shiru. Akuya ta ɓata ba a ji cigiya ba.

Limamin garin, Malam Khalilu, Bafulatani ne, don haka tsakaninsa da Kolo akwai wasan Fulani da Barebari, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Da ya ga abokin wasansa yana ramewa, sai ya same shi a ƙarƙashin tsamiyar masallaci bayan azahar, ya zauna kusa da shi. Kolo ne ya fara magana.

"Allah gafarta Malam, kowa ya zo sai ya ce Allah ya sa mai ceto ce. Ni ma na sha faɗa wa mutane haka. Amma ceton nan, yaya ake yinsa?"

Malam ya yi masa bayani a tsanake. Ya ce yaron da ya rasu bai balaga ba ba shi da zunubi, yana can cikin rahamar Ubangiji, ba zazzaɓi ba ƙuraje. Ranar da aka tara halitta kuwa, zai nemi iyayensa da suka yi haƙurin rashinsa, ya kama gefen rigar ubansa ko hannunsa, ya ƙi shiga Aljanna sai da su.

Fuskar Kolo ta washe, karo na farko tun rasuwar. Ya yi murmushi, ya yi hamdala. Can kuma sai murmushin ya fara janyewa.

"Malam, wannan taron da ka ce, ya kai kasuwar Ɗanbatta?"

"Kai Babarbare, kanwa ta cinye maka ƙwaƙwalwa. Tun daga Annabi Adamu har wanda za a haifa a ƙarshe, kowa yana wurin."

"Har mutanen Katsina?"

"Har su."

"Har na Barno?"

"Har danginka, in sun sami wanda zai nuna musu hanya."

Kolo bai rama tsokanar ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce, "To Malam, yarinya ƙarama ce. A cikin wannan taro in na tsaya na ce 'Ke!', mata nawa za su waiwayo?"

Malam Khalilu ya shafa gemu, don shi mutum ne da ba ya amsa tambaya da ka. Ya ce, "Gaskiya, tun daga Nana Hauwa'u."

"Ka gani! A Ɗanbatta ma na kasa, balle can. Za ta yi ta nemana da ƙishirwa, ni ina gefe ina ke-ke-ke, har a rufe ƙofa."

"To ka kira sunanta mana."

Kolo ya dube shi. "Allah gafarta Malam, ya sunan ɗanka na fari?"

Tari ya sarƙe Malam. Ya gyara rawani, ya duba rana, ya ce la'asar ta matso, alhali ko tabarmin azahar ba a naɗe ba. Da zai tashi dai ya dafa kafaɗar Kolo ya ce, "Wanda ya halicce ta ya san inda zai same ka. Ka bar masa." Kolo ya ce haka ne, amma a baki kawai. A ransa ya riga ya yanke cewa in bai koya wa harshensa sunan nan tun a duniya ba, 'yarsa za ta ɓace masa karo na biyu, kuma wannan karon babu dawowa gida.

Sai ya shiga koyo. Da farko ya nemi inda ba kowa, ya ga ba inda ya fi rumbunsa, wanda bazara ta kusa cinyewa. Ya ɗage jinka, ya shige ciki, ya rufe ido, ya yi bisimilla, ya saki murya. "Lu..." Iyakar abin da ya fito ke nan. Amma a cikin rumbun ƙasa, wannan rabin sunan ya yi ƙara kamar katanga ta faɗi. Kaji suka watse, jaki ya tsinke igiya, maƙwabta suka shigo da sanduna. Suka tarar da kan Kolo yana leƙowa daga rumbu, ƙaiƙayi har gira. Ya ce ɓeraye yake kora. Abin haushi, ɓerayen sun gudu ɗin. Daga ranar duk mai rumbu sai ya aiko a roƙi Kolo ya zo ya yi masa "Lu" ɗin nan, shi kuma ba halin ya ƙi. Ya shiga rumbunan garin ɗaya bayan ɗaya, a kowanne yana fatan ƙarshen sunan zai fito, a kowanne yana fitowa da rabinsa. Shekarar nan ba a yi ɓarnar ɓera a Rijiyar Madu ba.

Sai ya sake dabara. Akwai wata tsohuwa a garin da mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ma sunanta Luba, tana tallar daddawa. Tun ranar da aka raɗa wa 'yarsa suna ya daina kiran sunan tsohuwar, ya koma ce mata Mai Daddawa. Ya ce a ransa, ai wannan ba ni na haife ta ba, bari in koya a kanta. Duk sanda ta wuce da faifanta sai ya fito ƙofar gida, ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji, ya buɗe baki, sai ka ji, "Mai Daddawa!" Ita kuma ta juyo da sauri. Tun da ya kira, dole ya saya. Gobe ma haka, jibi ma haka. Daddawa ta cika tukunya, ta cika ƙwarya, ta hau rataya. Gidan Kolo ya zama in iska ta kaɗa daga wajensa, mutanen masallaci sukan gane ta inda ta biyo.

Tsohuwar kuwa ta ba abin tata ma'ana. Namiji ya tare ka kullum, ya tsaya yana kallonka baki buɗe, gumi yana keto masa, ya sayi abin da ba ya bukata, ai ba sai an kira malamin duba ba. Ta fara zizara kwalli. Ta nemo wani tsohon zane na saƙi da ta ajiye tun na aurenta. Ta gaya wa mata a bakin rijiya cewa ita dai ba ta ce ta ƙi ba, amma ya turo manya, ita ba yarinya ba ce da za a yi ta tsayar da ita a hanya.

Maganar ta iso kunnen Amsa. Wata rana da hantsi tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi, Kolo ya shigo da sabon ƙunshin daddawa yana neman inda zai ɓoye. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Maigida, in aure kake so, ka yi, Allah ya sa alheri. Amma daddawar nan ta isa. Ko ruwan randa ya fara ɗanɗanonta."

Kolo ya tsaya da ƙunshi a hannu. Sai ya zauna a kan turmin da yake ajiye alewa. Ya gaya mata komai: maganar Malam, da taron da ya fi Ɗanbatta, da rumbu, da tsohuwa. Ya ce, "Ni da nake nemo akuyar kowa, tawa ce za ta ɓace. Kin san abin da ya faru a kasuwa. Ina tsaye kamar gunki, sunan yana nan a maƙogwarona, ya ƙi fita."

Amsa ta tsayar da mazari. Tun da aka haifi yarinyar ba ta taɓa yi wa mijinta zancenta kai tsaye ba sai yau.

"A kasuwar nan, wa ya nemo wani?"

"Ita ce ta gan ni."

"Ba ganinka ta yi ba. Ba ta taɓa ɓacewa ba." Ta goge allin yatsunta a zane. "Da kuka dawo ta same ni a madafa, ta ce, 'Inna, in gaya miki wani abu kada ki faɗa wa Baba.' Ta ce tun farko tana bayan buhunan gishiri, dab da kututturen da ka hau. Laɓewa ta yi da gangan. Ta ce, 'Na ce yau dai dole ya faɗa. Na yi ta jira, na yi ta jira. Da na ga zai yi kuka a gaban mutane, sai na ji tausayinsa na kama rigarsa.'"



Amsa ta ce, "Yarinyar da ba ta ɗauke ido daga kanka ba a Ɗanbatta, ita ce za ta rasa ka a can? Malam ya gaya maka gaskiya, kai ne ba ka ji ba. Ubangijin da ya ba ta wannan wayon yana riƙe da ita, mu ma yana riƙe da mu. Ba muryarka ce za ta haɗa ku ba. Ni da wannan nake kwana nake tashi, in ba haka ba da tuni na haukace."

Wata dariya ta kuɓuce wa Kolo, irin wadda ya shekara yana haɗiyewa a gona. "Ja'ira! Kasuwa guda ta sa ana ke-ke-ke!" Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta juye kuka. Ya yi shi sosai, ba kunya, ƙunshin daddawa a cinya. Nauyin da ke ƙirjinsa tun ranar da ya yi magana da Malam ya sauka, don ya yarda ba za ta ɓace ba. Abu ɗaya ne ya rage yana sukarsa.

Ya ce, "Ashe jira take."



Ya share fuska da hannun riga. Bai hau suri ba, bai cika ƙirji ba. Ya dubi ƙasa kusa da turmin, ya sassauta murya iyakar yadda Allah ya hore masa, ya ce, "Luba."

Amsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ƙarƙashin mayafin ta ce, "Sake faɗa."

Ya sake.

To, na riga na gaya muku yadda raɗar Kolo take. An ji ta a masallaci, an ji ta a bakin rijiya. Malam Khalilu yana tsakiyar ba da karatu ya tsaya, ya daɗe yana duban allon da ke hannunsa. Tsohuwa mai daddawa kuwa a daidai lokacin ta iso ƙofar gidan, da kwallinta da zanen saƙinta, ta ji sunanta sau biyu daga bakin mutumin da ta daɗe tana jira ya kira. Ba ta amsa ba. Ta ɗan tsaya, ta gyara faifanta a ka, ta juya a hankali ta yi gaba. Mutanen Rijiyar Madu ba sa barin abin tsokana ya wuce su, har yau ana ba da labarin rumbu da na daddawa, amma wannan babu wanda ya taɓa nuna wa Kolo ya ji.

Washegari aka ji cigiyar akuya daga kan suri.

Kolo ya yi tsawon rai, har kakata ta san shi da furfura. Ta ce abin da ta fi tunawa shi ne rigarsa. Ga shi guntu, ga riga har tana share ƙasa, da ita yake zuwa gona, da ita yake zuwa kasuwa, yana tafe yana tuntuɓe. Ta ce wata rana ta gaji da gani ta ce, "Kaka, ka kai a rage maka rigar nan mana, za ta kayar da kai." Ya dubi gefen rigar, ya kakkaɓe mata ƙura, ya ce, "A'a. A bar wa Luba wurin kamawa."